Basillar da Ta Ɗinke Jirgi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kaka kuwa ya riga mu. Ya rasu wata Talata da hantsi a gidan Baffa da ke unguwar Sedgefield a Greensboro, can ƙasar Turawa, yana zaune a kujerarsa, tabarau a kan hanci, wandon wani a cinyarsa yana rage masa tsawo. Kaka mahaifin babana ne. Baffa ƙanen babana ne, shi ya ɗauko tsohon daga Kano bayan rasuwar kakarmu mace, tun kafin ni ma in biyo su da sunan karatu in maƙale a garin.

Ban san Hausawan Greensboro sun kai haka yawa ba sai a zaman makoki. Takalma sun cika baranda har sun gangara kan ciyawa. Abin da na lura da shi, kusan kowa da ɗinkin Kaka a jikinsa, don tela ne, kuma ya yi shekaru yana gyaran kaya a bayan wani shago da ke kan titin Elm. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta ɗaga hannun rigarta tana nuna wa mata.

"Vraiment, gaskiya Malam bai taɓa karɓar aikin gaggawa ba," in ji ta. "Na ce masa biki gobe ne, ya ce to in je bikin da tsohuwar riga, ai ba ni ce amaryar ba."

Wani malamin jami'a ya ce lokacin da ya zo ƙasar yana ɗalibi, sanyi ya kusa kashe shi, Kaka ne ya samo masa kwat ta gwanjo ya rage ta daidai jikinsa, ya kuma ɗinke masa aljihun ciki don fasfo. Sai ga mutum uku sun ce su ma haka aka yi musu. Can sai wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, direban babbar mota, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mai Jirgi ya tafi. Yanzu wa zai ba mu labarin jirgin yadin akoko?" Aka ɗan yi dariya, sannan ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san irin dariyar da muka sha yi wa labarin nan yana raye.

Ni ina kicin ina wanke kofunan da ba su da datti. Ba na son a kalle ni. Kaka yana da wani ƙulli na ɗinki da ya gada daga mahaifinsa, ya sha faɗa cewa in babu wanda ya karɓa a cikin jininsa, tare za a binne su. A duk zuri'arsa ni kaɗai na taɓa zama don in koya, kuma ni ce na yi fushi na watsar. Shekara guda cur muna wannan tsamin, har Allah ya ɗauke shi ban koma ba.

Ga labarin kamar yadda yake bayar da shi, kuma ba ya ƙara masa gishiri, kullum iri ɗaya ne. Kafin yaƙin Bama, lokacin da jiragen fasinja suka fara sauka a Kano, mahaifinsa maɗinkin manyan riguna ne a cikin birni. Jiragen wancan zamani ba ƙarfe ba ne. Katako ne aka haɗa, aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe da wani mai mai ɗan karen wari wanda yake ɗame yadin ya yi tauri kamar fatar ganga. Fukafukai biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da injina huɗu da farfelolinsu. Fasinjan ciki bai fi goma ba, sai buhunan wasiƙu. Daga gabas yake tahowa, ta wajen Sudan, yana yada zango gari-gari, da rana kaɗai yake tafiya. Kafin ya sauka sai an kori awaki daga fili, mai kuwa da garwa ake ɗura masa ana tacewa.

Wata rana jirgin ya sauka da yaga a fiffiken ƙasa, shirwa ce ta doke shi. Injiniyan jirgin, wani Bature, ya ƙone hannu a jikin inji, ba ya iya riƙe allura. Aka ce a nemo wanda ya fi kowa iya ɗinkin hannu, aka je aka taso mahaifin Kaka daga kan tabarmarsa. Baturen ya ba shi wata doguwar basilla, tsawonta ya kai kamu ɗaya, da zare mai kakin zuma. Ya nuna masa yadda ake ratsa fiffiken daga wannan gefe zuwa wancan, a kewaye katakon ciki, wanda Kaka yake kira haƙarƙari, a ƙulle. Kowane ɗinki da ƙullinsa, yadda in ɗaya ya tsinke sauran ba za su bi shi ba. Sau ɗaya aka nuna masa ya ɗauka.

A nan Kaka yake gyara zama, don nan ne wurin da ya fi so. Da mahaifin nasa ya gama faci ya ga zare ya ragu, sai ya ga ai ba a sallamar aiki haka tsirara. Wane maɗinki ne zai miƙa riga ba ado? Ya zauna ya tsara ɗan dagi a tsakiyar facin, mai kyau, irin na ƙirjin riga. Baturen ya dawo daga shan ruwa ya gani, ya dafe kai, ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Tafinta ya fassara masa cewa Baturen ya ce duk hudar da ba ta da aiki a jikin fiffike ƙofa ce ka buɗe wa iska. Aka sa shi ya yanke facin gaba ɗaya ya sake sabo, fasinjoji suna zaune a inuwa suna fifita da jarida.

"Baba ya ce a ranar ya san akwai ɗinkin da ya fi ado," in ji Kaka. "Riga in ta warware, kunya za ka ji. Wannan in ya warware, mutane ne a sama."

Jirgin ya tashi da ɗinkin mahaifin Kaka. Tsohon ya koma gida abinci ya ƙi shiga, kullum yana bakin fili, har jirgin ya zagayo ya dawo. Ya je ya shafa facin da hannunsa, ko zare ɗaya bai motsa ba. Baturen ya bar masa basillar. Daga nan duk jirgin da ya yage shi ake kira, har aka yi yaƙi, jiragen ƙarfe suka yi yawa, aikin ya mutu. Basillar da ƙullin ne kawai suka rage, ya koya wa ɗansa, wato Kaka, a jikin buhu.

To, ka faɗi wannan a gaban mutanen da kullum suke ganin jirage na ƙarfe suna wucewa ta saman gidajensu. Jirgi na yadi? Jikokinsa da aka haifa a nan sukan amsa masa da Turanci cewa labarin yana da daɗi, irin amsar da ake ba tsoho don ya yi shiru. Ni ma ban fi su ba. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, yana ce min amarya, ina ce masa tsohon miji mai rowa. Nakan ce, "Kaka, jirgin nan naku in ya yi datti wanki ake kai shi ko guga?" Sai ya ce, "Yi dariyarki, amarya. Ke da ko maɓalli ba ki iya sawa ba." Yana dariya, amma na san abin yana ci masa rai. Mutum ne mai alfahari da ubansa, kuma ba shi da hoto, ba shi da takarda, sai allura.

Allah da ikonsa, shedarsa ta zo har shago. Wani tsohon Bature mai farin gemu, makanikin jirage da ya yi ritaya, ya kawo rigar fata a gyara masa zif. Ya ɗaga kai ya ga basillar rataye a bango, sai ya tsaya cak. Ya tambaya ina aka samo allurar ɗinkin fiffike. Turancin Kaka bai taka kara ya karya ba, don haka bai tsaya bayani ba. Ya ɗauko ƙyalle da zare ya ƙulla masa ƙullin a kan teburi. Baturen ya sa tabarau ya duba, ya juya, ya sake dubawa. Ya ce shi da abokansa tsofaffi suna gyaran wani jirgin fasinja na wancan zamani a wata rumfa can wajen Summerfield, ƙarami ne, inji ɗaya, kujeru kaɗan, kuma da yadi irin na da suke son lulluɓe shi. Sun daɗe suna neman hannu irin wannan.

Ranar Kaka ya dawo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Bai ce wa kowa na gaya muku ba. Shayi kawai ya sha, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Asabar ina da aiki a filin jirgi. Wa zai kai ni?"

Ni na kai shi, kuma na ga abin da idona. Ga jirgi tsirara, katako siriri kamar kejin kaji, ga fiffike an jingine shi a tsaye an lulluɓe da farin yadi. Ɗinkin na mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefe, wannan ya tura basilla wancan ya karɓa ya mayar. Kaka da babbar riga ya naɗe hannu, mai gemu da rigar makanikai. Shi bai san Hausa ba sai sannu da madalla, amma sai su yini suna aiki ba su saɓa ba. Tsofaffin nan, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a cikin jirage, suna tsaye suna kallon yatsun telan Kano. In ɗaya ya ɗaure ƙulli ba daidai ba, Kaka ya sa almakashi ya datse, ya ce da Turancinsa, "Again." Ba wanda ya taɓa musa masa. Na ji alfahari ƙwarai, na kuma ji kunyar duk tsokanar da na yi.

A hanyar dawowa na ce ya koya min. Ya kalli dawakin da ke kiwo a gefen hanya, sannan ya ce, "To."

Abin da ya raba mu shi ne ni bahaguwa ce. Tun ina ƙarama a Kano aka yi ta fama da ni, aka ɗaure min hannun da zane, aka doke shi da ludayi. Ci da karɓa da bayarwa na koma dama, amma rubutu da duk wani aiki mai laushi hagu ne, ya ƙi sauyawa. Kaka kuwa mutumin da ne. Ko canji mai kanti ya miƙo masa da hagu, sai ya tsaya yana kallon hannun har a sauya. A rumfa na ɗauki basillar da hagu, ya ce, "Sauya hannu." Na sauya, zaren ya cukurkuɗe. Na koma hagu, ƙullin ya fita a juye, don duk abin da ya nuna min ta dama yake bi. Asabar uku muna haka. A ta huɗu ya fizge basillar daga hannuna a gaban mutane.

"Allurar Baba ba ta taɓa shiga hannun hagu ba," in ji shi. "Ba kuma za ta fara a kanki ba."

"To ku riƙe abarku," na ce. "Ku tafi da ita."

Na san nauyin abin da na faɗa tun kafin in rufe baki. Na fita na zauna a mota har ya gama. Daga ranar mai gemu ne yake zuwa ɗaukarsa. Ba mu daina gaisawa ba. Ina zuwa gidan Baffa in durƙusa in gaishe shi, in kawo masa dabinon da yake so, ya sa min albarka. Amma wasan ya mutu. Ya daina ce min amarya, ya koma kiran sunana na yanka, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ina ganin yatsun hannunsa na hagu kullum da filasta. Baffa ya ce wataƙila gwajin suga ne, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Ranar addu'ar uku, da la'asar, mai gemu ya zo. Ya tuɓe takalmi a baranda ba wanda ya gaya masa, ya zauna a ƙasa cikin maza da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗaga hannu da aka ɗaga. Da aka shafa sai ya ce wa Baffa yana son ganin jikar nan bahaguwa. Baffa ya leƙo kicin ya ce, "Zo, baƙonki ne." Na fito baranda, Baffa da Alhajin Kumasi suka biyo ni.

Wani abu ne ya ɗauko daga bayan motarsa, a nannaɗe cikin zanen gado. Ya kwance. Firam ne na katako, an ɗame shi da yadi, irin wanda ake gwajin ɗinki a kai. Layi-layi ne na ƙulli daga sama har ƙasa. Layin farko abin tausayi, wani ya yi sako-sako, wani ya karkace, ga ɗigon jini da ya bushe a jikin yadin. Na ce a raina wane sabon shiga ne wannan. Amma kowane layi ya fi na samansa, har na ƙasa suka daidaita sumul. Sai na lura duk ƙullin a juye yake, ta hagu yake bi.

Mai gemu ya yi magana da Turanci a hankali. Ya ce tun Asabar ɗin da ta biyo bayan faɗanmu, in sun gama aikin fiffike, Malam yakan ja kujera gefe, ya cusa hannun dama cikin aljihu, ya ɗauki basillar da hagu. Ya ce Malam ya sha soke yatsunsa. Wani lokaci hannun daman yakan fito da kansa, sai ya harare shi ya mayar. Ya ce, "Na tambaye shi me ya sa ba zai kira ki kawai ba. Ya ce ba zai koyar da abin da bai iya ba. Ya ce in layin ƙarshe ya cika zai kira ki."

Na duba layin ƙarshe. Ya wuce rabi. Basillar tana soke a inda ya tsaya, da zarenta.

Mutumin da ya haura tamanin, wanda bai taɓa miƙa wa kowa ko tsinke da hagu ba. Kuma duk shekarar nan yana zaune ina gaishe shi, yana ƙoƙarin ɓoye yatsu a ƙarƙashin riga, bai ce min uffan ba. Shi ma girman kan ne, a wurinsa na gado. Kukan da ban yi ba ranar jana'iza a nan na yi shi, a tsaye, a gaban maza. Alhajin Kumasi ya cire hula ya shafa kai ya mayar, ya ce, "Ashe da gaske ne jirgin akoko." Baffa ya sa yatsa yana bin layin farko, wurin jinin.

Mai gemu ya ce saura fiffike ɗaya, an yi rabinsa, kuma ɗinkin na mutum biyu ne.

Na kwashe mako biyu da firam ɗin a ɗakina. Na warware ƙulli ɗaya daga layin ƙarshe a hankali, na ga ta inda zaren ya shiga da ta inda ya fita, na mayar. Abin da ya gagare ni Asabar huɗu, ga shi a shimfiɗe ta hannuna. Na cika masa layin. Sannan na tafi Summerfield, na tsaya a gefen da yake tsayawa, na tura basillar da hagu, mai gemu ya karɓa ya mayar min. Na ƙulla. Ya zagayo ya sa babban yatsa ya danna ƙullin, ya ja, ya ce, "Madalla."

Mun gama fiffiken kafin sanyi ya shigo. Da mai duba lafiyar jirage ya zo, ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a tsakiya inda ƙullin ya sauya fuska, ya tambaya hannu nawa ne suka yi wannan. Mai gemu ya ce, "Gida ɗaya ne. Tun kafin yaƙi suke wannan aikin, daga Kano." Na so a ce Kaka yana nan ya ji, da ya gyara hula ya yi kamar bai ji ba. Jirgin bai tashi ba tukuna, saura aikin inji. Ranar da zai tashi ina bakin fili, kuma na san abinci ba zai shiga ba sai ya sauko.

Ranar da muka gama, na yi niyyar tsara ɗan dagi a ƙarshen fiffiken, zare ya ragu, hannuna har ya ɗauko. Sai na tuna mutane ne a sama, na datse zaren.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa tsohon telan nan a addu'a, shi da mahaifinsa. Allah ya jiƙanka, Kaka, tsohon mijina mai rowar magana. Allah ya yafe maka, ya yafe min abin da na faɗa a rumfa. Allah ya miƙa maka littafinka a hannun dama. Hannun hagun kuwa, ni shaida ce a kan aikin da ka yi da shi.